Katin Bashi: Wa Zai Ce Maka Ya Isa?

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, wani ɗan'uwa malamin makarantar sakandare ya tsaya jirana a bakin ƙofar majami'a, da wata takarda a ninke cikin aljihun rigarsa. Bankin da albashinsa ke bi ta cikinsa ne ya ba shi ita, ana yi masa tayin katin bashi, watau katin da mutum zai riƙa sayayya da kuɗin banki ya biya daga baya. An gaya masa cewa muddin ya biya a kan kari, ko kwabo ba za a ɗora masa ba. Ya ce da ni, "Malam, in karɓa ko kuwa in bar musu abinsu?" Na san halin da yake ciki. Albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, yara uku suna makaranta, ga mahaifiyarsa a ƙauye tana fama da hawan jini. Sai na roƙe shi ya ba ni mako biyu, domin amsar da aka bayar a tsaye a bakin ƙofa ba safai take taimakon kowa ba.

Da farko ya kamata mu raba abu biyu da jama'a suke haɗawa. Katin da yawancinmu muke riƙe da shi, wanda muke miƙa wa masu POS ko mu sa a injin cire kuɗi, kuɗinmu ne yake fitarwa, in asusu ya ƙare shi ma ya tsaya. Katin bashi kuwa ba ya duban abin da ke cikin asusunka. Banki yakan yanka maka iyaka, a ce Naira 200,000, ka yi ta sayayya har ka kai ta, a ƙarshen wata a aiko maka da lissafi. A nan ƙasar tamu wannan kati baƙo ne har yanzu. Binciken Bankin Duniya na 2021 ya nuna cewa manyan mutanen Nijeriya masu katin bashi ba su kai 3 cikin 100 ba. Amma hanyar da zai bi ya shigo gidajenmu an riga an share ta. Tsarin rage yawo da tsabar kuɗi na Babban Bankin Nijeriya ya iso Kano a watan Yuli na 1 ga wata a 2013, lambar BVN ta zo a 2014, wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 kuma ta koya wa mai shayi da mai kayan miya karɓar kuɗi ta waya. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar CREDICORP musamman domin ma'aikata su sami sayen kaya bashi. Saboda haka tambayar wannan malami za ta iso ƙofar mutane da yawa a cikinmu.

BASHI A CIKIN BIRNI

Ban tafi banki neman amsa ba tukuna. Cikin birni na shiga, Kasuwar Kurmi, domin in ana maganar bashi a Kano can ne makarantarsa. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ake ciniki a wannan kasuwa ta bakin Jakara, kuma babban ciniki bai taɓa tsayawa a kan kuɗi hannu kaɗai ba. Ba zai yiwu ba ma, domin kuɗin da wuri ne, sai an ƙirga, sai an yi masa buhu, sai an nemi jakin da zai ɗauka.

Har Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya ɗanɗana. Ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851 ana binsa bashin da ya haura wuri 100,000, a lokacin da dala ɗaya ta azurfa take wuri 2,500. Kayan da ya dogara da su bai same su da daraja a kasuwa ba, zazzaɓi ya kwantar da shi a masaukinsa, masu binsa kuma ba su daina sallama ba. Mutumin da gwamnatin Ingila ta aiko ke nan, amma a Kano sai da ya zauna ya yi ta ba da haƙuri kamar kowa. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa.

Fataken goro, su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan ɗauki kanwa da tufafin rini da kayan fata su nufi Gwanja, tafiyar watanni, wani lokaci sai shekara ta juyo. Da yawa daga cikin kayan nan na wasu ne, an ba su a kan amana. Abin da ya riƙe wannan harka shi ne maigida, ko fatoma, mutumin da yake saukar da baƙo, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya wa mai saye. In mai saye ya gudu, maigida ne zai biya. Saboda haka ba ya tsaya wa wanda bai sani ba, kuma yakan san iyakar abin da kowane mutum zai iya ɗauka. Haka cinikin shanu ya gudana a unguwar Sabo ta Ibadan: mahauta su karɓi shanu bashi, masu gida Hausawa su tsaya musu. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, kamfanonin Turawa su ma wannan hanya suka bi, suka riƙa ba manyan attajirai kuɗi tun kafin kaka, su kuma su rarraba wa yaransu su shiga ƙauyuka. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya fara da goro ya koma gyaɗa, kuma har yau ana ba da labarin yadda ya kai wa bankin Turawa na Kano kuɗin azurfa a kan raƙuma 20 a 1929. Dukiyar da ta cika waɗannan raƙuma ta taru ne ta hannun mutane masu yawa da aka ba kuɗi da kaya ba tare da an rubuta wata doguwar takarda ba.

Akwai wani dattijo baduku a Kurmi wanda nake sayen jakar littattafai a wurinsa tun ina makarantar Littafi Mai Tsarki. A rumfarsa yau akwai na'urar POS, a ƙarƙashin buzun da yake zama kuma akwai tsohon littafin bashi mai baƙin bango. Bayan mun gaisa na kwashe labarin katin na gaya masa. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "To ɗana, in mutum ya ɗauka ya ɗauka, wa zai ce masa ya isa?" Na ce babu, sai in ya kai iyakar da aka yanka masa. Ya girgiza kai ya ci gaba da ɗinkinsa.

Daga nan ya bayyana mini yadda shi yake yi. Mai ɗaukar takalma da jakunkuna ya kai Abuja ko Legas ya sayar, yakan ba shi bashi da sakin fuska, domin wannan bashi ne da zai haihu. Wanda ya zo neman kayan ado na biki bashi kuwa, sai ya yi masa nasiha ya rage. In mutum bai cika alkawarin baya ba, rabin abin da ya nema zai samu. In kuwa ya ji an kwantar da matar mutum a asibiti, ko an yi masa gobara, yakan rufe littafin ya bar maganar har sai mutumin ya miƙe. Ya ce akwai sunayen da ya soke da hannunsa ranar da aka kai masu su makwanci. Abu uku ke nan na gani a hannun mutum guda: ya san abin da za a yi da bashin, yana iya hanawa, yana kuma iya jinkirtawa. Kati ba ya yin ko ɗaya daga cikinsu.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa bashin gargajiya duk alheri ne. Manoman ƙasar Hausa sun san falle, inda mutum zai ci damin hatsi ɗaya da damina ya biya biyu da kaka. Sun san jinginar gona wadda take wucewa daga uba zuwa ɗa ba a fanshe ta ba. Kuma amanar Kurmi ta wanda aka sani ce. Mu da yawancinmu muke zaune a wajen ganuwa, a Sabon Gari da Badawa da sauran unguwanni, waɗansunmu daga Kudancin Kaduna ko Filato ko Adamawa, waɗansu daga ƙauyukan Kano da Katsina, mun san yadda yake mutum ya rasa wanda zai tsaya masa a kasuwa. Ni kaina sai da na shekara biyar ina ciniki da dattijon nan kafin ya ce in tafi da jaka in kawo kuɗin daga baya.

INDA KATIN YA FITO

Katin bashi a Amurka aka haife shi. A 1950 wani ɗan kasuwa mai suna Frank McNamara ya fito da katin Diners Club a birnin New York, domin masu cin abinci a manyan gidajen abinci su sa hannu kawai, su biya gaba ɗaya a ƙarshen wata. A 1958 Bankin Amurka ya aika wa mutanen garin Fresno na jihar Kalifoniya kati wajen 60,000 ba tare da sun nema ba, kuma a wannan karon an yarda mutum ya biya kaɗan ya bar saura ya kwana da ruwa. Wannan kati shi ne ya zama Visa a 1976. Masu bankin sun yi zaton kashi 4 cikin 100 ne za su kasa biya a kan kari, sai aka wayi gari abin ya kai wajen kashi 22. Sun yi asara mai yawa a farko, amma ba su janye ba, domin sun gano inda ribar take.

Ribar tana wurin wanda ba ya biya duka. Takardar lissafin wata takan zo da adadi biyu: jimlar abin da ake binka, da wani ɗan ƙaramin adadi wanda in ka biya shi ba za a ce ka saɓa alkawari ba. Bari mu yi lissafi irin na allo. A ce ɗan'uwanmu ya ci bashin Naira 100,000, a ce kuma ruwan katin kashi 3 cikin 100 ne a wata. Kashi 3 ba ya tsorata kunne, amma in ya hau kan juna wata goma sha biyu ya haura kashi 42 a shekara. In yana biyan Naira 5,000 kowane wata, a watan farko 3,000 ruwa ce, 2,000 kaɗai ta taɓa uwar kuɗin. Sai ya yi wata 31 kafin ya fita, kuma zai biya wajen Naira 155,000. In ya daure yana biyan 10,000, zai fita a cikin shekara guda da 'yan kwanaki, ya biya wajen 121,000. Wannan fa in bai sake taɓa katin ba ke nan tun daga ranar farko, abin da ba kasafai yake faruwa ba, domin duk abin da ka biya sai ya sake buɗe maka wurin ɗauka.

Ƙasashen da suka riga mu sun ga ƙarshen wannan hanya. A Koriya ta Kudu gwamnati da kanta ta ƙarfafa mutane su riƙa amfani da kati bayan karyewar tattalin arziki ta 1997, kamfanoni suka riƙa raba shi a bakin titi har ga ɗalibai marasa aiki. Zuwa 2003 mutane fiye da miliyan 3 sun shiga jerin waɗanda suka kasa biya, babban kamfanin katin ƙasar, LG Card, sai da aka ceto shi daga rushewa. A Amurka kuwa bashin kati ya haura dala tiriliyan 1 a 2023, ruwansa kuma ya wuce kashi 20 cikin 100 a shekara. Ba a rasa masu hankali a waɗannan ƙasashe ba. Yawancin waɗanda suka nutse sun karɓi katin ne da niyyar biya a kan kari.

AMFANINSA GASKIYA NE

Duk da haka, ƙarya ne a ce katin ba shi da amfani, kuma ba zan gaya wa ɗan'uwana ƙarya domin in tsorata shi ba. Wanda yake biyan jimlar bashinsa kafin ranar da aka sa, ya sami rancen makonni ba ruwa, a waɗansu bankuna har kwana 40 ko fiye. A lokacin da farashi yake gudu, kamar watan Disamba na 2024 da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, sayen buhun shinkafa yau a biya bayan albashi riba ce a fili. Haka nan in ciwo ya tashi da tsakar dare, asibiti ya ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa mara lafiya, katin da ke aljihu ya fi buga ƙofar maƙwabci. Sai dai a lura, wannan sauƙi na sayayya ne. Wanda ya ciri tsabar kuɗi da katin bashi, galibi ruwa da caji suna fara hawa tun daga ranar.

Amfani na biyu ya fi shafarmu. A ƙarƙashin dokar bayanan bashi ta 2017, akwai kamfanoni masu lasisi, irin su CRC da FirstCentral, da suke ajiye tarihin yadda kowa yake biyan bashinsa. Mutumin da ba shi da maigida a Kurmi, ba shi da kawu a banki, yana iya gina suna a wannan littafi ta wurin ɗaukar kaɗan yana biya a kan kari, har ranar da zai nemi rancen keken ɗinki ko na gini a duba a ga shi mai cika alkawari ne. Littafin ba ya tambayar garinku ko addininka. Amma kamar yadda yake riƙe alheri haka yake riƙe saɓani, kuma tun watan Agusta na 2020 Babban Banki ya ba bankuna izinin cire bashin da aka ƙi biya daga asusun mutum na wani banki dabam, ta hanyar lambarsa ta BVN. Sauya banki ba ya ɓoye kowa yanzu.

Na uku, katin banki mai lasisi ya fi bashin manhajar waya mutunci nesa ba kusa ba. A ikilisiyarmu mun ga 'yar'uwa wadda ta ci bashin kuɗi kaɗan ta waya domin maganin ɗanta, da ta makara kwana biyu sai aka aika wa duk sunayen da ke cikin wayarta saƙo ana kiranta ɓarauniya, har da ni, har da shugabar zumuntar mata. Wata uku ba ta zo sujada ba saboda kunya. Irin wannan ta'asa ce ta sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin waɗansu masu wannan sana'a a Legas a watan Maris na 2022, kamfanin Google kuma ya hana manhajojin bashi leƙa sunaye da hotunan da ke wayar mutane daga ƙarshen watan Mayu na 2023.

Maƙwabtanmu na cikin birni da yawa ba za su taɓa katin da ke da ruwa ba ko da za a biya a kan kari, shi ya sa bankin Jaiz, wanda ba ya harka da ruwa, ya sa Kano cikin rassansa uku na farko da ya buɗe a 2012. Kada mu yi mamakin wannan, domin ikilisiya ma ta daɗe a kan irin wannan matsayi. Babban taron da aka yi a Roma a 1179 ya hana masu ba da bashi da ruwa a fili cin jibin Ubangiji, ya kuma hana a yi musu jana'izar masu bi. Dokar Musa ta hana a karɓi dutsen niƙa jingina, domin da shi gida yake ci. Damuwar duka ɗaya ce, kada bashi ya cinye abin da mutum yake rayuwa da shi. Ga ma'aikaci, albashi shi ne dutsen niƙansa, kuma shi ne banki yake kallo sa'ad da yake miƙo katin.

A nan ne na tsaya a kan kalmar nan da ake yawan faɗi, wai katin yana da kyau in an yi amfani da shi da hankali. Gaskiya ne, amma hankali ba ya biyan lissafi, kuɗi ne suke biya. Mutumin da albashinsa yake kai shi ƙarshen wata har ya rage, katin zai zama masa sauƙi kawai. Mutumin da albashinsa yake ƙarewa ran ashirin ga wata, in ya cike kwana goman da kati, to watan gobe albashin zai ƙare ran goma ga wata, domin an riga an ci wani sashe nasa. Ba rashin tarbiyya ba ne, lissafi ne. Abin takaici kuwa, wanda ya fi jin ƙishin katin shi ne wanda ya fi kusa da faɗawa. Adashin da matanmu suke yi ya fi shi tausayi a nan: uwar adashi ta san kowa, ta san wadda za a ba kwasar farko saboda haihuwa, kuma abin da ka zuba shi za ka kwasa.

Da mako biyu suka cika, malamin ya same ni a gida da yamma, na ce ya zo da maiɗakinsa, ya kuwa zo da ita. Na ba su labarin dattijon Kurmi da tambayarsa. Muka baje takardar bankin muka karanta ƙananan rubutun da ke bayanta, muka nemi ruwan wata, da kuɗin shekara na riƙe katin, da tarar makara, da ranar biya. Muka rubuta abin da yake shiga gidan da abin da yake fita. Sai ga shi abin da yake tura shi neman bashi ba abinci ba ne, abu biyu ne: kuɗin makaranta na watan Janairu, da maganin Mama in ya yanke ba shiri. Maiɗakin ta ce, "Baban yara, na makaranta ai sananne ne, ba ya zuwa da dare. Bari in roƙi a mai da kwasata ta adashi watan Disamba."

Saura maganin Mama. A kan wannan suka yarda ya karɓi katin, amma ya koma banki ya ce a rage iyakar daga abin da suka yi masa tayi zuwa abin da bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na albashinsa ba, a kuma riƙa cire jimlar bashin gaba ɗaya ranar da albashi ya shiga. Ma'aikacin bankin, in ji shi, ya yi ta mamaki, ya ce mutane ƙari suke zuwa nema. Saƙon lissafin yana shiga wayar maiɗakin ne, katin kuma yana cikin akwatinta tare da takardun haihuwar yara. Sau biyu aka fito da shi tun daga lokacin, duka biyun a kantin magani.